Kusurwar da Bai Zuba wa Siminti Ba

Duk wanda ya zauna da ni a unguwar Nasarawa ya san ni mace ce mai baki. Na yi faɗa da mai garuwa a kan ruwa mai laka, na sha mayar wa mahauci namansa in ya cika mini ƙashi, kuma ko surukata, da duk unguwa ke shakkarta, takan yi tunani kafin ta taɓo ni. Maigidana, Allah ya jiƙansa, yakan ce da ana sayar da magana a kasuwa da tuni ya rataye zarto ya kwanta. Amma akwai magana ɗaya da ta fi ƙarfin bakin nan nawa, ita ce kuwa kaɗai wadda da na faɗe ta da ta yi amfani.

Ni 'yar Argungu ce, ubana masunci, uwata mai bandar kifi. Aure ya kawo ni Birnin Kebbi gidan kafinta. A lokacin ana ta gine-gine a Sakkwato, aiki ya ja shi can, ya bar ni da mahaifiyarsa. Sai ya zo ya yi 'yan kwanaki ya koma. Da na samu cikin fari, ana cikin shirin mayar da ni gida goyon ciki kamar yadda ake yi wa kowace yarinya, sai naƙuda ta riga shiri. Damina ce. Bakwaini ne, namiji, kuma bai yi kuka ba.

A wancan zamani jaririn da bai yi kuka ba ba a tara maza dominsa. Surukata da ungozoma suka naɗe shi a ƙyallen fari, suka kai shi filin da ke bayan ɗakunanmu, suka haƙa da 'yar fartanya a gindin wani zogale da ke jikin katangar gabas. Sun ɗauka ina kwance. Ni kuwa na dafa bango na miƙe, ta 'yar tagar ɗaki na ga komai, har yadda surukata ta daddanna ƙasar da tafin hannu.

Da ta shigo ta ga idona, sai ta ce, "Kak ki soma. Ba rabonmu ba na. Ɗan hwari ko da rai nai ba a zancenai, balle wanga. Ki haɗiye."

Na haɗiye. Haka muka taso muka tarar. Mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, in ya faɗi ma sai ta kau da kai wata ta ɗaga shi. Miji shi ma haka. Wanda ya nuna so ga ɗan fari sai a ce ba shi da kunya, a yi ta yi da shi a gidan biki. Da maigida ya zo bayan an aika masa, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Sannu da jiki." Na ce, "Yauwa." Iyakar abin da muka ce ke nan a kan yaron.

Daminar da ta biyo baya aka yi wata iska da ta kayar da zogalen, ta haɗa da gefen katangar. Maigida yana Sakkwato. Aka gyara katanga, aka tura ta baya sosai saboda filin namu ne. Ni da hannuna na sari reshe ɗaya daga zogalen na kafa shi a kusurwar arewa, inda muke zubar da ruwan wanke-wanke, don zogale ba ya wahalar kamawa. Kafin a ce me ya yi tsawo ya wuce katanga, kamar dama can a nan yake. Ainihin wurin kuwa, wanda yanzu ya koma kusan tsakiyar fili, na jawo wani tsohon dutsen niƙa da ya rabe biyu na ɗora a kai. A nan nake zama in tsince shinkafa, a nan nake tsefe kai. Ba wanda ya taɓa tambayata me ya sa nake son zama a rana alhali ga inuwa.

Na haifi 'ya mace bayan nan, sannan maza biyu. Duk gari suka ɗauki yarinyar 'yar fari, ni ma na shiga yi mata kunya, ba na kiran sunanta, sai dai in ce "ke". Wannan abu ya daɗe yana ci mini rai. Kunyar ba tata ba ce, ta wani ce aka ɗora mata, ta tashi tana ganin uwarta ba ta sake mata fuska kamar yadda take sake wa ƙannenta. Ungozoma ta rasu, surukata ma ta bi ta. Sai ya zama a duk duniya, a iya sanina, ni kaɗai na san abin da ke ƙarƙashin dutsen nan.

Maigida ya baro Sakkwato gaba ɗaya a shekarun da gwamnati ta ce kowane yaro sai ya shiga firamare. Makarantu suka yi yawa, kowacce tana neman benci da tebur da allo, aiki ya buɗe masa. Yana da rumfa a bakin hanya, ta kara da buhu, ƙasanta turɓaya. Gara ta hana shi sakat. Ya jera katako yau, in ya ɗaga bayan kwana kaɗan sai ya tarar da na ƙasa ya zama gari. Ranar da ta cinye masa ƙafafun wasu bencuna da ya riga ya gama, ya shigo gida ko abinci bai kalla ba.

"Gini za ni yi," ya ce mini. "Babba, na bulo da kwano, ƙasa nai duk suminti. In ga ta inda za ta hito."

Na ce, "Ina?"

Ya nuna bayan ɗaki da haɓa.

Washegari ya zo da birkila, wani dogon mutum mai yawan surutu, suka kafa turaku suka ja igiya. Ina tsaye da tsintsiya a hannu ina kallon igiyar tana tafiya. Ta bi katangar gabas, ta kewaye kusurwar zogale, ta dawo ta bayan ɗakina. Dutsen niƙa yana tsakiya, kamar don shi aka ja ta.

Tun daga ranar na buɗe wuta, amma a kan komai ban da abin da ke damuna. Na ce ina zan shanya shinkafa? Ya ce a kan simintin ma sai ta fi bushewa. Na ce kajina fa? Ya ce zai buga musu akurki na katako irin wanda ko matar hakimi ba ta da shi. Na ce ƙarar guduma za ta hana yara barcin rana, na ce almajiran aikinsa za su riƙa ratsa mana gida. Ya ce ƙofa ta waje zai fitar, ta lungu. Kowace na kawo yana da amsarta, yana murmushi, shi a zatonsa halina ne na kullum. Har ya tsokane ni.

"Ku Kabawan Argungu in ba ku ga laka ƙarƙashin ƙahwa ba hankalinku bai kwanciya. In an gama sai in ɗebo miki ta gulbi in zuba miki ɗaki."

Da wata rana ce da na rama har sai ya gudu zaure. Ran nan na juya na kama aikina, ya dube ni ya ƙara dubana, ya fita.

Na sha shirya maganar a raina. Gajeriya ce, ba ta kai tsawon sallama ba: yaronmu yana nan. Sai in kai masa abinci, in durƙusa, in buɗe baki, sai in ji kaina ina cewa miyar ta yi gishiri ko ba ta yi ba. Wanda bai taso cikin irin wannan kunya ba zai ce wauta ce. Ni ma yanzu nakan ce haka. Amma a lokacin, in ce "yarona" a gaban mijina game da ɗan fari, ji nake daidai yake da in tuɓe zane a tsakiyar kasuwa.

Aiki bai jira ni ba. Jakuna suka yi ta sauke yashi daga fadama, mota ta juye tsakuwa a lungu, leburori suka haƙa harsashi. Na gode wa Allah da haƙan a gefe-gefe ya tsaya, bai shiga tsakiya ba. Bulo ya tashi har ya kai kafaɗa. Sannan aka zo ciko. Ina jin wani lebura ya ce wa ɗan'uwansa ya kama masa, na leƙa na ga sun ɗaga dutsen niƙan, ɓari ɗaya a hannun kowa, suka jefa cikin tarin duwatsun da za a yi ciko da su. Ƙasar wurin ta fito da danshi, da 'yan tsutsotsi suna neman mafaka. Aka zuba jar ƙasa da kwanon sarki, aka baje, aka shiga dannawa da wani guntun ƙarfe mai nauyi. Kowane bugu a ƙirjina yake sauka. Da yamma, bayan sun tashi, na shiga na auna da ido daga ƙofar da aka bari da tagar ɗakina, na riƙe wurin a kaina tun da ba sauran alama.

Da na ji an ce an kusa zuba siminti, na ce wa maigida ina so in je Argungu in gano Iya, wato mahaifiyata. Ya ce in bari a gama mana. Na ce ba zan bari ba. Na goya ƙaramin, na ja sauran, muka shiga akori-kura ta Ambursa. Fadama ta yi kore shar, mutane sun duƙa cikin shinkafa, ni ko ganinsu ba na yi sosai. Tunanina ɗaya: Iya babba ce, in ta aika a gaya masa, ko ta sa ƙanin babana ya je, zai ji.

Na tarar da ita a gaban murhun banda tana juya tarwaɗa, hayaƙi ya sa idonta ja. Sai da na kwana na iya fara maganar, ita ma a karkace. Na ce ana gini a bayan ɗakinmu. Na ce ginin ya hau wurin da aka yi ajiya shekarun baya, a daminar nan. Ta gane nan take. Ta daɗe tana gyara itace a wuta kafin ta yi magana.

"To mi kika so in yi? In aika ma surukina in ce mai mi? Ni da ko abinci ban ci gabanai?"

Na ce, "Iya, rufe shi za a yi. Ko ruwan sama ba shi ƙara samu."

Ta ce, "Wanda ag ga Allah mi za shi yi da ruwan sama? Nawa ukku na bayan ɗakin ga, kin taɓa jin na ɗaga zancensu? Ki koma ɗakinki, ki riƙe waɗanda anka bar miki."

Ban san tana da uku ba sai ran nan. Na ji haushinta, na ji tausayinta, na rasa wanda ya fi. Da zan tafi ta cika mini kwando da kifi fiye da yadda ta saba, ta rako ni har bakin hanya, abin da ba ta taɓa yi ba. 

Na dawo na tarar an zuba tun jiya. Daga lungu na ji ƙanshin ɗanyen siminti da muryar birkila yana faɗa. Na ajiye kaya na zagaya. Daɓen ya kwanta sumul daga bango zuwa bango, toka-toka, faɗinsa ya fi tsakar gidanmu. Ban taɓa ganin ƙasa mai santsi haka ba. Amma a kusurwar arewa an buga katako an kewaye wani ɗan wuri, bai fi shimfiɗar ɗan ƙaramin buzu ba, an bar shi ƙasa tsura. Zogalen babu shi, an sare shi daidai da ƙasa, an share wurin tas.

Birkila na ganina ya samu wadda zai kai wa ƙara.

"Uwargida, ki yi mai magana. Mutum ya yi gini don gara, ya kuma buɗe mata ƙohwa da hannu nai. Na ce a cike, ya ƙiya. Iccen ma hana yara yay yi su sare, shi yas sare abinai, kamar mai yanka layya."

Maigida yana tsugune yana wanke shebur, bai ɗago ba. Ya ce, "Wurin dahwa gam ɗin liƙa katako na. Wuta ba ta son suminti."

Birkila ya ce, "Gam ɗin da aka dahwawa waje tun duniya na kwance?"

Maigida ya ce, "Hakanan nika so."

Ya ɗago ya dube ni, kallo ɗaya, ya mayar da kai ga shebur. A nan na gane. Ya sani. Tun tuni ya sani, mahaifiyarsa ta gaya masa, kuma na san da kalmar da ta gaya masa, don ita ba ta tsawaita magana: gindin zogale. Shi kuwa zogale ɗaya ya sani a gidan, wanda na kafa da hannuna a inda muke zubar da ruwan wanke-wanke. Duk shekarun nan yana ɗauke da abin kamar yadda nake ɗauke da shi, yana wuce kusurwar yana sassauta tafiya, ban lura ba. Da ban tafi Argungu ba da na ga lokacin da yake buga katakon, wataƙila da na iya nuna masa da yatsa ko ban yi magana ba. Na juya na dubi tsakiyar daɓen. Ya riga ya kama, ko farce ba ya shiga.

Birkila ya ce a riƙa ba shi ruwa safe da yamma har ya ƙosa, in ba haka ba zai tsage. Na ce ni zan yi. Suka yi mamaki, mace mai ƙorafin ginin nan ita ce ta karɓi bautarsa. Nakan ɗauki tulu da ƙwarya in fara daga ƙofa, in bi ko'ina, in na zo tsakiya sai in tsaya in juye sauran duka. Ruwan ya kwanta a sama yana ƙyalli, ba ya shiga. Na ci gaba da yi har bayan birkila ya ce ya isa, sai da aka ɗora kwano aka fara shigo da kaya na daina.

Babban teburin aikinsa a tsakiya ya kafa shi, inda hasken ƙofa ke faɗowa. Inda yake tsayawa in zai yi yanka ko goge katako, ƙafarsa ta dama gaba, ta hagu baya, daidai wurin ne. Na auna na sake aunawa daga tagar ɗakina, ban yi kuskure ba.

Gara kuwa ta zo, kamar yadda birkila ya faɗa. Ta kusurwar nan take fitowa duk damina, ta yi hanyarta ta laka a jikin bango. Ya zuba toka, ya shafa baƙin mai a bangon, ya ɗaga katakonsa a kan bulo, amma bai taɓa zuba man a kan ƙasar kanta ba. Abokan sana'arsa suka mai da shi abin tsokana, suna cewa yana kiwon gara. Gam ko sau ɗaya ba a dafa a wurin ba. Ba a jingina katako, ba a ajiye gwangwanin ƙusa. In garin katako ya taru shi yake sharewa da kansa, kuma sai ya tuɓe takalmi. Ran Juma'a kafin ya tafi masallaci nakan hango shi ta tagar ɗakina ya yayyafa ruwa daga butarsa, ya ɗan tsaya, sannan ya sa hula ya fita.

Sau ɗaya na kusa. Na kai masa fura da azahar, ba kowa sai shi, yana durƙushe yana kankare hanyar gara da wuƙa. Na ce, "Malam." Ya ce, "Na'am." Na dubi furfurar da ta fara fito masa a ƙeya, na dubi yadda yake kare ƙasar da hannu ɗaya kada ɓurɓushi ya zuba mata. Yanzu ba kunya kaɗai ce ta riƙe ni ba. In na faɗa, me zai yi? Ya fasa daɓen? Ya san cewa shekara da shekaru a kan ɗansa yake tsaye da takalmi yana buga guduma? Na ce, "Furar ta yi tsami, ko in ƙaro sukari?"

Ciwo ya kama shi a shekarar da ake ta raɗe-raɗin za a ba mu jiharmu, a raba mu da Sakkwato. Ƙafafu suka kumbura, numfashi ya yi gajere. Babban ɗanmu namiji ya karɓi zarto. Lokacin zafi ne, ɗaki ba ya zaunuwa, sai ya ce a shimfiɗa masa tabarma a wurin aikin, don simintin yana da sanyi. A gindin teburin ake shimfiɗa masa, nan ne iska ke ratsawa. Yakan kwanta ta gefe yana fuskantar kusurwar.

Wata ranar Juma'a da rana, yaran sun tafi masallaci, ina zaune kusa da shi ina masa fifita. Ya daɗe yana kallon wurin. Sannan ya yi magana ba tare da ya juyo ba.

"In na tahi, kak ki bari yaran ga su rufe shi. Za su so, don gara."

Na ce, "To."

"Kin san wa ak kwance nan."

Na ce, "Na sani."

"Inna tac ce min gindin zogale. Ban iya ce miki komi ba lokacin nan. Amma na tsare mai wurinai. Tun da anka yi ginin ga ba wanda yat taɓa taka shi, ko ni."

Hannunsa yana shimfiɗe a kan simintin, a gefen tabarma, yana neman sanyi. Tafinsa a buɗe, daidai inda dutsen niƙa yake a da. Na dubi hannun. Maficin ya tsaya mini.

Na ce, "Na gani, Malam. Ka tsare shi."

Ya sauke ajiyar zuciya ya lumshe ido. Bai kai damina ba.

Ɗana ya yi mini maganar kusurwar tun kafin in fita takaba, ya sake yi bayan nan ba sau ɗaya ba. Yakan ce buhun siminti ma ba zai ci ba, gara kuwa tana cin amfaninsa. Nakan ce ubanka ya ce a bari. In ya tambayi dalili sai in taso masa da faɗa, ya san halina, ya ƙyale ni. Har yau tana nan, ƙasa tsura, kuma ni nake share ta. Ran Juma'a nakan yayyafa mata ruwa kamar yadda yake yi, duk da na san ba kowa a ciki sai saiwar zogale. In zan fita nakan bi ta gindin teburin, in karkata butar sauran ruwan ya zube. Matar ɗana tana cewa hannuna ne ya fara rawa, ta bi bayana da tsumma ta goge.